Suwaitar da Na Wanke a Cikin Marka

Yau kwana biyar ke nan rana ba ta leƙo unguwarmu Rikoto ba. Ba wani ruwan kirki ake yi ba, yayyafi ne mai naci, ya ɗauke kamar ya haƙura, kina ɗaukar tsintsiya ya dawo. Duwatsun bayan gari sun shige cikin gajimare, gishiri ya jiƙe a kwalba, ashana sai an ƙyasta uku kafin ɗaya ta kama. Marka ke nan, ruwan watan Agusta. Manoma suna gode wa Allah, nima ina tayawa da baki, amma a zuciyata ba na ƙaunar wannan lokaci, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Shekaranjiya da safe maigidana Yohanna, wanda duk unguwa ke kira Saje tun da ya bar aikin soja, yana zaune a bakin gado yana tari. Tarin ya fi mako biyu yana damunsa. Na ɗauko masa rigunan sanyin da yara suka aiko, ga ta gwanjo, ga sabuwa mai zif, ya kawar da kai. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Rifkatu, ɗauko min ta Baba."

Shekara talatin da 'yan kai wannan suwaita tana ƙasan akwatina, bai taɓa neman ta ba. Na tsaya riƙe da murfin akwatin, ƙamshin kafur da na ganyen darbejiya ya bugi hancina, sai ga ni a Manga, ƙauyen mijina, ina 'yar shekara ashirin da ɗaya, da ciki wata biyar.

Ni 'yar bariki ce. Ubana soja ne, a bariki aka haife ni, a can na girma, sai da ya yi ritaya muka dawo Zuru. C'lela, yarenmu, ina ji amma bakina ba ya juyawa da shi yadda ya kamata, shi ya sa surukaina a Manga Hausa suke yi mini, irin tasu. Da na shiga gidan na shiga ne da girman kai na wadda ta san dutsen guga da farin takalmi. Ban iya riƙon fartanya ba, ban iya bambance tafasa da rai-ɗore ba, amma a wajen wanki kam babu mai gaya mini magana, kuma na tabbatar kowa ya san haka.

A farkon waccan shekarar aka tura su Yohanna wata ƙasa ta bakin teku aikin raba faɗa. Kofur ne a lokacin. Ya zo ban-kwana da kwana biyu kacal a hannunsa, ya tarar da mahaifinsa yana fama da tarin da ke tsananta masa duk damina. Sai ya buɗe jaka ya fito da suwaitarsa ta aiki, koriya, ta ulu zalla, mai kauri, da facin yadi a kafaɗu da gwiwar hannu. Ya ce inda za su zafi ne, ba ya bukatarta, Baba ya riƙa sawa. Amma da muka keɓe ya ja mini kunne. Ya ce kayan gwamnati ne, in ya dawo ana iya tambayarsa, kada ta ga ruwan zafi, kada ta ga wuta. Na yi masa dariya, na ce ni zai koya wa wankin ulu? Na yi alkawarin zai dawo ya same ta kamar yadda ya bar ta.

Shekarar ta zo mana a karkace tun kafin ta fara. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke tun dawa tana cikin fitar da kai, abin da muka zuba a rumbu bai kai rabin na kullum ba. Inna, uwar mijina, ta fara auna tuwo tun cikin bazara. Da farko sau biyu a rana, sannan sau ɗaya da yamma, da kunu tsararo da safe. Kafin Yuli ya ƙare, in Inna ta shiga rumbu sai mu ji ƙarar tsintsiya a ƙasansa. Aka sayar da akuya ɗaya, sannan ɗayar. Daga baya Inna ta ɗauki bargon Baba, babban bargo ja wanda ya yi shekaru da shi, ta kai kasuwar Zuru ta dawo da dawa a ƙunshin zane. Baba da kansa ya ce a kai. Ya ce ga suwaitar ɗansa, mene ne kuma bargo.

Muka koma kan ganye. Tafasa da safe, rama da rana, zogale in an samu ƙuliƙulin kwaɗawa, in ba a samu ba gishiri da barkono. Yunwar damina daban take da kowace yunwa, domin ko'ina kika duba kore ne shar. Masara ta yi tsayi ta wuce kanki, ta yi goyo, amma in kin ɓare ruwa ne fari a ciki. Dawa tana kaɗawa, gyaɗa ta rufe ƙasa, ciki kuwa yana kuka. Ni da ke da juna biyu, Inna takan ɗebo daga nata ta ƙara mini, ta ce ba ni take ba, na ciki take ba.

Lokacin maimai, wato noma na biyu, ciyawa ta so ta cinye mana gona. Sai abokan Yohanna, waɗanda suka yi golmo tare, noman da samarinmu ke yi wa iyayen 'yan matan da za su aura, suka haɗu su tara suka zo mana gayya. Bisa al'ada mai gona ke ciyar da 'yan gayya har su ture. Mu kuwa abin da muka kai musu kunun tsamiya ne wanda kana ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa, da dafaffiyar tafasa. Suka sha, suka yi ta zolayata wai matar kofur ta dafa musu abincin Turawa, suka koma bakin kunya suna waƙa har suka gama. Baba yana zaune a gindin ɗorawa cikin koriyar suwaitarsa yana nuna musu inda suka tsallake.

Tun da ruwa ya sauka bai cire ta ba. Da ita yake kwana, da ita yake tashi. Ta sha hayaƙi, ta sha kunu a ƙirji, ta sha garin tabar da yake shaƙa, wuyanta ya yi baƙi yana ƙyalli. Kullum na dube ta sai raina ya ɓaci. Ba don Baba ba, Allah ya sani ina ƙaunarsa, mutum ne mai sanyin hali da ba ya kirana sai da "ɗiyata". Abin da ke cin raina shi ne alkawarin da na yi, da kuma bakin mutane. Sai ga saƙo cewa matan zumunta na coci za su zo gaishe shi ranar Lahadi. Na ce a raina, za su zo su ga uban soja cikin wannan dauɗa, su koma su ce 'yar barikin da ake yabo ashe baki ne kawai.

Ranar Alhamis da safe, bayan kwana uku ana ruwa, rana ta fito fes. Ƙasa ta fara tururi, kaji suka baje fukafukai a tsakar gida. Na je na durƙusa gaban Baba na ce ya ba ni suwaitar in wanke, kafin gobe ta sha iska. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya daɗe yana dubawa.

"Wagga rana ta ƙarya ta, ɗiyata," in ji shi. "Kahin ta yi tsaka ruwa na dawowa."

Mutumin da ya shekara saba'in yana karanta sararin Manga ke nan. Ni kuwa da iyakata kallon sama ta tagar bariki, na yi ta lallashinsa, na kawo zancen baƙi, na kawo zancen Yohanna. Da na ambaci ɗansa sai ya ɗaga hannuwa sama kamar ƙaramin yaro, na zare masa ita. A ranar na ga yadda yunwa ta ci shi. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin 'yar shara. Na yafa masa zanena ɗaya, ya koma bakin rana ya zauna.

Wankin kam na yi shi yadda uwata ta koya mini, ba inda na kuskure. Ruwan sama na ɗiba daga randa, mai sanyi, domin ulu ba ya shiri da ruwan zafi. Ban goga mata sabulu a jiki ba, a cikin ruwan na narkar da shi har ya yi kumfa. Na juya ta ciki ya koma waje, na nutsa ta, na bar ta ta jiƙa. Ba a cuɗa ulu, ba a buga shi a dutse yadda matan Manga ke yi wa tufafinsu a rafi, dannawa ake yi da tafin hannu a hankali. Ruwan farko ya fito baƙi ƙirin, na biyu kamar shayi, sai a na huɗu ya fito garau. Da na ɗago ta, nauyinta kamar na ɗan akuya, tana warin tunkiyar da ruwa ya doka. Ban murɗe ta ba. Na shimfiɗa ta a kan busasshen zane, na naɗe su tare, na bi da gwiwa ina dannawa har zanen ya tsotse abin da zai iya. Sannan na baje ta a kan tabarma a inuwar rumfa, na daidaita kafaɗu, na miƙar da hannuwa, domin in an rataye ta a igiya nauyin ruwa zai ja ta ta zama buhu. Inna tana tsaye tana kallona, ta ce ko jinjiri ba a yi wa wannan wanka.

Rana ba ta kai tsaka ba gabas ta haɗe. Iska ta taso, na sure tabarmar da suwaitar na ruga ɗaki. Ruwan da ya sauka a ranar bai ɗauke ba sai da ya kwana huɗu.

Wanda bai zauna a ɗakin ciyawa cikin marka ba ba zai gane ba. Jinka ta sha ruwa har ta gaji ta fara ɗiga. Bango ya jiƙe daga ƙasa zuwa gwiwa. Itacen da muka tara ya yi laushi, in an hura sai hayaƙi mai sa hawaye, wuta kaɗan. Duk abin da kika taɓa da danshi, tabarma, zane, har jikin mutum. Suwaitar tana kwance a ɗakina a kan tabarma, ina juya ta safe da yamma, ina taɓa ta da bayan hannu, tana nan sharkaf kamar yanzu na ɗauraye ta.

Ranar Juma'a Baba ya fara rawar ɗari. Muka lulluɓe shi da zannuwanmu, muka ƙara da buhunan dawa da babu komai a ciki, muka matso da shi kusa da murhu, hayaƙin kuma ya tayar masa da tari. Da hantsi Inna ta shigo ɗakina, ta tsuguna, ta taɓa suwaitar.

"Ɗiyata, a kanga ta ga wuta," ta ce. "Tsohon ga na jin ɗari."

Na ce, "Inna, ulu ba ya son wuta. Tsukewa za ta yi, ko yaro ba za ta shiga ba. Mi zan ce ma Yohanna?"

Ta dube ni, ta dubi suwaitar. Inna ba ta san ulu ba, ta san cewa ni na sani, ta kuma ji kalmar kayan gwamnati, wadda a kunnen mutanen ƙauye a lokacin ba ƙaramar magana ba ce. Ta tashi ta fita. Washegari ta sake zuwa, ta taɓa kawai ta koma. Na gaya wa kaina cewa gobe za ta bushe. Kullum sai in ce gobe. Ina jin tarin Baba ta cikin bango, ina zaune gaban rigar ina yi mata fifita da faifai, wai ni mai dabara.

Wannan shi ne abin da ban taɓa yafe wa kaina ba. Ba wankin ba, wanki kuskure ne na yarinta. Ƙin kanga ta a wuta nake nufi. Ina da kunne, ina jin mutum yana karkarwa, na zaɓi riga. Na sha juya maganar a raina in ce tsoron hukuma ne, in ce cika alkawari ne, amma ni na san gaskiya. Ba na so ne a ce Rifkatu ta ɓata suwaita.

Matan zumunta ba su ma zo ba, rafi ya cika ya raba mu da hanya. Ranar Lahadin zazzaɓi ya rufe Baba, numfashinsa ya koma sama-sama, yana dafe haƙarƙarin dama. Ba halin kai shi asibiti a Zuru, ko jaki ba zai ƙetare wannan ruwa ba. Inna ta dafa masa saiwoyin da ta sani, yana kurɓa yana dawowa da su.

Ranar Litinin da rana gari ya washe, iska mai bushewa ta kaɗa, kafin la'asar suwaitar ta bushe. Ta fito kamar sabuwa, koren ya dawo, ta yi laushi, ba ta tsuke ba ko da faɗin yatsa. Na kai masa da gudu. Ni da Inna muka tallafe shi muka sa masa. Ya shafa ƙirjinta, ya kai hannun rigar hancinsa ya shinshina, ya yi ɗan murmushi.

"Kin iya wanki, ɗiyata," ya ce. "Ko rad da ya zaka da ita ba ta yi kyau hakanga ba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu ya yi a cikinta. Ranar Laraba da hantsi, rana tana haska tsakar gida, ya cika. Bayan kwana goma muka fara karya masara.

Kafin a yi masa sutura, Inna ta zare suwaitar da hannunta, ta ninke ta, ta miƙo mini ta ce, "Aje ma mai ita." Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar, har ta koma ga Allah bayan shekara goma sha ɗaya. Ita ta karɓi haihuwata, ita ta yi mini wankan jego, ba ta taɓa canza mini fuska ba. Ma'aikacin lafiyar da ya zo gaisuwa ya ce tsufa ne da yunwa, ko da bargo goma sai abin da Allah ya yi. Wataƙila gaskiyarsa. Amma shi bai ji muryar Inna ba lokacin da take cewa tsohon na jin ɗari.

Yohanna ya dawo bayan shekara guda, ya rame, ya yi baƙi, ya tarar da kabari da 'yar da bai taɓa gani ba, Saratu. Ban jira wani ya gaya masa ba. Na fito da suwaitar na ajiye a gabansa, na faɗa masa komai, tun daga ranar ƙarya har zuwa fifita da faifai. Ya daɗe yana kallon rigar. Sai ya ce shi ne ya ja mini kunne, laifin nasa ne. Na ce a'a. Muka bar ta a nan, kowa ya riƙe rabonsa. Da ya koma bariki na ce ya tafi da ita, ya ce in ajiye tukuna. Bayan wasu shekaru na tambaye shi ko an neme ta. Ya ce babu wanda ya taɓa tambaya.

Tun daga nan duk shekara nake wanke ta, amma sai kaka, bayan ruwa ya ɗauke sarai. Ruwan sanyi, dannawa, naɗewa a zane, shimfiɗawa a inuwa. In ta bushe in ninke ta da busasshen ganyen darbejiya da kafur saboda asu, in mayar ƙasan akwati. Babu mai sawa. 'Ya'yana duk sun koyi wankin ulu a kanta, ba tare da sun san dalilin da ya sa uwarsu ke yin shiru duk ranar ba.

To, shekaranjiya da na ɗago ta, sai na ga danshin bana ya shiga akwatin. Ta yi fumfuna a wuya, ga warin kafur mai shaƙe mai lafiya ma, balle mai tari. Ba yadda za a sa ta haka. Saratu, wadda ta zo duba babanta, ta karɓa ta wanke yadda na koya mata, tsaf, ta naɗe a tawul ta danne, ta shimfiɗa a kan tabarma a falo. Ta ce da wannan yanayi sai ta kwana uku ko huɗu, babanta ya yi haƙuri da mai zif ɗin kafin nan. Gidan yanzu na kwano ne, ba ya yoyo, barguna sun fi biyar, ga maganin asibiti a kan tebur. Ba wanda sanyi zai kashe a gidan nan don rashin riga ɗaya. Na san haka sarai.

Na shiga kicin na zuba gawayi a kasko, na hura har ya yi ja, na kife babban kwando a kansa. Na zo na ɗauki suwaitar daga kan tabarma na baza ta a bayan kwandon. Tururi ya fara tashi, warin jiƙaƙƙiyar tunkiya ya cika gidan. Saratu ta biyo ni da sauri.

"Mama, mi kike yi? Ke kika ce ulu ba ya son wuta. Tsukewa za ta yi."

Na ce, "Ta tsuke."

Na zauna a kan kujerar tsuguno ina juya ta, baya, ciki, hannuwa, ina ƙara gawayi. Hayaƙi ne ko ba hayaƙi ba, idona bai daina ruwa ba. Kafin la'asar ta bushe. Ta tsuke kuwa, jikinta ya yi tauri, gwiwar hannu ɗaya ta yi ja inda wuta ta lasa. Wankin shekara talatin ya tafi a yini guda.

Na kai masa tana da zafinta. Ya ɗaga hannuwa sama, na zura masa. Saje ba shi ne kofur ɗin da ya cika ta da ƙirji ba, tsufa ya rage shi, sai ga shi ta zauna masa daidai, hannuwan kawai suka gaza kaiwa wuyan hannu. Ya shafa ƙirjinta kamar yadda mahaifinsa ya yi, ya ga wurin ƙunar, ya ɗago ya dube ni. Ya gane abin da na yi, na kuma ga ya gane.

"Da ɗumi, Rifkatu," ya ce.

Har yanzu tana jikinsa, jiya ma ya ɗiga mata kunu a ƙirji. Saratu ta ɗauko tsumma za ta goge, na ce ta bar shi.